Ka soke abonema amma ana ci gaba da cire maka kuɗi: yadda za ka bi haƙƙinka

Wata ranar Asabar da yamma ɗiyar ƙanwata, wadda ke karatu a Jami'ar André Salifou, ta same ni zaune a ƙofar gida a Birni, ta miƙo mini salularta ko gaisuwa ba mu gama ba. "Kawu, duba ka gani. Wallahi tun cikin azumi na goge abin nan, ga shi yau ma sun cire mini jika 6 da rabi." Wata manhajar koyon Ingilishi ce ta shiga da katin banki irin wanda ake zuba wa kuɗi kafin a yi amfani da shi. An ce mata mako guda kyauta ne, ta gwada, ba ta ji daɗinsa ba, ta goge manhajar. Karo na biyu ke nan ana cire mata kuɗi. A daren muka soke abonemar yadda ya kamata, amma da wata ya zagayo aka sake cirewa karo na uku. A kan wannan na ukun ne muka yi ta fama, kuma abin da na koya a wajen bin sa shi ne zan shimfiɗa a nan.

Mu a Damagaram mun saba da ciniki irin na kuɗi hannu. Forfe ya ƙare, intanet ta tsaya. Abonemar Canal+ ta cika wata, hoto ya ɗauke sai ka je ka sake biya. Mai mitar kuran ta kati ya san in bai saya ba zai kwana a duhu. Abin da ba ka biya ba yana mutuwa da kansa. Abonemar intanet akasin haka take: ranar da ka shigar da lambar katinka ka danna amincewa, ka ba kamfanin izinin ya riƙa ɗiban kuɗi duk wata ko duk shekara har sai ka ce ya daina, kuma ta hanyar da shi ya tsara. Shirunka a wurinsu amincewa ne.

Ka fara tabbatar da cewa ka soke da gaske

Wannan mataki ne mutane ke tsallakewa, kuma shi ke raba wanda kuɗinsa zai dawo da wanda zai yi ta zarya a banza. Goge manhaja daga waya ba sokewa ba ne. Fita daga asusunka ba sokewa ba ne. Sayar da wayar a kasuwar Dole ko sauya layi ma ba sokewa ba ne. Google da kansa ya rubuta ƙarara cewa cire manhaja ba ya tsayar da abonema.

In wayarka Android ce, buɗe Play Store, taɓa hoton asusunka da ke sama, shiga "Paiements et abonnements", sannan "Abonnements". Duk abin da ke raye zai bayyana da ranar da za a sake cire kuɗi. Kula da abu ɗaya: da yawanmu muna da Gmail biyu ko uku a waya guda, wani ma mai gyaran waya ne ya buɗe mana shi. Duba kowanne, domin sau da yawa mutum yana soke abu a wannan asusu alhali abonemar tana kan ɗayan. Mai iPhone ya shiga "Réglages", ya taɓa sunansa, ya shiga "Abonnements". In ba ka ga komai a waɗannan wurare ba, to kai tsaye ka biya kamfanin a shafinsa, can za ka shiga da imel ɗinka ka nemi wurin sokewa.

Sai ka dubi ranakun. Yawancin kamfanoni in ka soke ba sa yanke maka hidima nan take, sai watan da ka riga ka biya ya cika, kuma ba sa mayar da kuɗin ragowar kwanakin. Netflix haka yake yi. Saboda haka in an cire kuɗi ran 5 ga wata kai kuma ka soke ran 6, ba a zalunce ka ba a ƙa'idarsu, sai dai ka roƙi alfarma. Apple kuwa yana cewa mai gwajin kyauta ya soke aƙalla awa 24 kafin gwajin ya ƙare. Da irin yadda rezo da kuran suke mana a nan, wanda ya bar sokewa sai ranar ƙarshe ya ɗora wa kansa.

Akwai kuma kuɗin da aka riƙe ba cirewa aka yi ba. Wani lokaci saƙon banki na shigowa kamar an ɗebi kuɗi, alhali an ɗaure su ne na ɗan lokaci don gwada katin, su saku da kansu bayan ƴan kwanaki. Takardar lissafin asusu, wadda ake kira relebe a banki, ita ce ke nuna abin da ya fita da gaske.

In ka duba ka ga ba ka taɓa sokewa ba, soke yanzu, kar ka bari sai gobe. In kuwa ka soke kuma ranar cirewar ta zo bayan ranar sokewar, to kana da magana mai ƙarfi.

Tara shaida kafin ka buɗe baki

Abin da ya cece mu a karo na uku hoto ɗaya ne. Daren da muka soke, na sa ta ɗauki hoton fuskar wayar, abin da yara ke kira kaptur, yana nuna an soke, da kwanan wata a jiki. Imel ɗin tabbatarwa ma ya shigo, muka ajiye. Ba don su ba, da maganarmu ce kawai da ta kamfani, kuma a irin wannan shari'a mai takarda shi ke da gaskiya.

Ka haɗa shaidar sokewa, saƙon banki ko relebe mai nuna rana da adadin da aka cire, resu ɗin da kamfani ya turo ta imel, da adireshin imel ɗin da ka yi rajista da shi. In ta Google ne, a jikin resu akwai lambar ciniki mai farawa da GPA, ita za a fara tambayarka. Nemi imel ɗin har cikin akwatin tarkace, can suke yawan faɗawa. Tura kwafin komai zuwa wata waya ko ka bugo su a takarda, domin waya na ɓata, na faɗawa ruwa, kuma takarda za ka buƙata in abin ya kai banki.

Wani kuskure da na kusa sa ta yi: cikin fushi na ce ta je ta rufe katin gaba ɗaya. Allah ya sa ba ta je ba. Kuɗin da aka cire daga kati ta wannan katin suke komawa. In ka rufe shi ka ƙara wa kanka wata doguwar tafiya ta neman inda kuɗin suka maƙale. Abin da ya fi shi ne ka kwashe abin da ke ciki, ko ka kashe sayayyar intanet na ɗan lokaci in manhajar bankinka tana ba da dama. Amma ka sani barin kati fayau ba ya soke abonema. Kamfanin zai yi ta gwadawa, ranar da ka zuba kuɗi don wata buƙata sai ya dafe.

Wace ƙofa za ka ƙwanƙwasa?

Karanta sunan da ke jikin saƙon cirewar. In ya fara da GOOGLE, Google ne ya karɓa a madadin mai manhajar. In ka ga APPLE.COM/BILL, Apple ne. In sunan kamfanin ne da kansa, shi za ka tunkara. In kuwa kredin waya ne ke zubewa, wannan maganar kamfanin sadarwa ce, zan zo kanta. Mutane na ɓata makonni suna rubuta wa mai manhaja alhali kuɗin a hannun Apple suka bi, shi kuwa ba shi da ikon mayar da su.

Na Google yana da agogo. Cikin awa 48 da cirewar kana iya neman a mayar maka kai tsaye daga Google: shiga play.google.com da asusun da aka cire kuɗin a kansa, buɗe tarihin sayayya, zaɓi cinikin, nemi mayar da kuɗi, ka faɗi dalili. Amsa takan zo cikin kwana 1 zuwa 4. In awa 48 ta wuce, Google zai tura ka wurin mai manhajar, adireshin imel ɗinsa yana shafin manhajar a Play Store. Akwai wata hanya dabam ta cinikin da ba kai ka yi ba sam, kamar an saci lambar katinka, ita tana da kwana 120. Kar ka bi ta nan in ka san kai ka shiga abonemar da hannunka, ko ɗanka ne ya danna yana wasa da wayar. Suna ganin wayar da aka yi cinikin a kanta, kuma ƙarya ɗaya tana ɓata sauran maganarka.

Na Apple wuri ɗaya ne: reportaproblem.apple.com. Shiga da asusunka, zaɓi neman mayar da kuɗi, zaɓi dalili, zaɓi cinikin. Suna cewa a ba su har awa 48 kafin amsa, kuma in sun amince kuɗin na iya ɗaukar kwana 30 kafin su bayyana a kati. Na Google yawanci kwanakin aiki 3 zuwa 5 ne, wani lokaci har 10.

Namu kai tsaye ne da kamfanin, don haka wasiƙa muka rubuta. A nan ne ya kamata mutum ya danne zuciyarsa. Ɗiyar tawa ta fara da rubuta musu ɓarayi ne, Allah ya isa. Na ce, "Ɗiyata, wanda zai karanta wannan ma'aikaci ne kamar ke, mai yiwuwa ma na'ura ce za ta fara gani. Ba ta jin Allah ya isa, kwanan wata take ji." Wasiƙar da ke aiki gajera ce, da Faransanci ko Ingilishi, kuma ga abin da take ɗauke da shi: ni ne mai asusu kaza, na soke abonemata ranar kaza, ga shaida a haɗe, duk da haka an cire mini kuɗi kaza ranar kaza daga katin da lambobinsa huɗu na ƙarshe su ne kaza, ina neman a mayar da kuɗin a kan wannan kati, a tabbatar mini a rubuce cewa an rufe abonemar, in ban ji komai ba cikin kwana 10 zan kai maganar bankina. Lambobi huɗu na ƙarshe kaɗai, kar ka taɓa rubuta lambar kati cikakkiya ko ukun nan na bayansa.

Wannan jimla ta ƙarshe ba barazanar banza ba ce. Kamfani ya san in banki ya ƙwato kuɗin da ƙarfi, bayan kuɗin da zai mayar akwai tarar da za a ɗora masa, kuma yawan irin wannan ƙara yana ɓata masa suna a wurin Visa da Mastercard, kamfanonin da ke tafiyar da harkar katunan banki. Ya fi masa sauƙi ya biya ka salin alin.

In akwatin hira ne a shafinsu, na'ura za ta yi ta juya ka. Nace ka ce mutum kake son magana da shi, ka nemi lambar ƙorafinka, ka ɗauki hoton hirar kafin ka rufe. Za su iya yi maka tayin wata biyu kyauta ko rangwame maimakon kuɗi. In kuɗinka kake so ka ce a'a a fili, domin karɓar tayin na iya sake kunna abonemar. Wani abokina ya ba mu shawarar mu kawo musu dokar Turai ta kwana 14 ta fasa ciniki. Ban bi ba, domin masu saye da ke can aka yi wa dokar, kuma wanda ke da shaidar sokewa ba ya buƙatar aron dokar wata ƙasa.

Game da watannin da laifin naka ne, irin biyun farko na ɗiyata, roƙo ne ba haƙƙi ba. Faɗi gaskiya: ban san gogewa ba sokewa ba ce, kuma ban buɗe manhajar ba tun ranar kaza, ku duba. Suna iya dubawa, kuma wani lokaci sukan mayar da na watan ƙarshe.

In kamfani ya yi kunnen uwar shegu: banki

Visa da Mastercard suna da tsarin da bankinka zai janyo kuɗi daga bankin ɗan kasuwa in ciniki ya saɓa ƙa'ida. A wurin Visa akwai lamba ta musamman, 13.2, ta cirewar da ake maimaitawa bayan mai kati ya soke. Wa'adin yawanci kwana 120 ne daga ranar cirewar, amma kar ka dogara da tsawonsa. Takardarka za ta tashi daga reshen Damagaram zuwa hedikwata a Yamai kafin ta fita waje, kuma kowane tebur yana cin kwanakinsa. In wa'adin da ka ba kamfani ya cika, washegari ka tafi.

Je da katin shaidarka, katin bankin, da kwafi biyu na komai. Kar ka tsaya a gishe wurin mai ƙirga kuɗi, nemi wanda ke kula da harkar katuna ko mai kula da asusunka, ka ce kana son cike takardar "contestation", wato ta ƙin yarda da cirewar. Mai yiwuwa amsar farko ita ce, "Malam, ai kai ka ba su lambar katinka, mu ba abin da za mu iya." Kar ka ɗaga murya. Ce masa, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe, ni na ba su, amma ga shaidar na janye izinin ranar kaza, kuma ga wasiƙar da na rubuta musu ba su amsa ba. A karɓi ƙorafin nawa a rubuce." Sa a buga maka hatimi da kwanan wata a kwafinka. Hukumar da ke sa ido kan bankunan ƙasashenmu masu amfani da sefa ta fitar da umarni a 2020 da ya wajabta wa bankuna tsarin karɓar ƙorafin abokan hulɗa da ba su amsa cikin wata guda, kuma daga ranar da ke jikin hatimin nan ake ƙirga watan. In ya wuce shiru, ko amsar ba ta gamsar da kai ba, kana iya ɗaukaka maganar zuwa ga wannan hukuma. BCEAO, wato babban bankin waɗannan ƙasashe namu, tana da reshe a nan garin, ba sai ka hau motar Yamai ba kafin ka tambayi yadda ake shigar da ita.

Abin da ya sa na ajiye maganar banki sai ƙarshe: in ta Google ko Apple kuɗin suka bi, janyo su da ƙarfi na iya sa su hana asusunka sayen komai har sai an warware. Mutumin da hotunansa da lambobinsa da imel ɗin aikinsa duk suna asusu guda ya auna kafin ya yi haka saboda jika 3. Kuma kar ka bi hanya biyu lokaci ɗaya. In kamfani ya riga ya amince zai mayar, jira kwanakin da ya ce.

Akwai wata matsala tamu ta gida. Mutane da yawa ba su da kati, sai su ari na aboki a fada, ko su ba wani mai shago kuɗi ya biya musu da nasa. To ka sani banki mai katin kaɗai ya sani. Shi zai cike takarda, kuma asusunsa kuɗin za su koma. Abin ya fi muni ta ɗaya ɓangaren: kai ka ara wa ƙaninka kati sau ɗaya, abonemar tana kan Gmail ɗinsa, kuɗin kuwa daga aljihunka suke fita duk wata, kuma ba ka iya sokewa daga wayarka. Zumunci ya sha ɓaci a kan wannan. Ku zauna tare, waya a hannu, a soke a gabanka, a cire lambar katinka daga asusunsa. Ƴan kasuwarmu masu zuwa Kano da ke riƙe da katin bankin Najeriya kuwa, ƙorafinsu can zai tafi, in ya gagara sai Babban Bankin Najeriya. BCEAO ba ta da hurumi a kansa.

Kredin da ke zubewa

Wannan ya fi shafar jama'a, ko da yake kuɗin ƙanana ne. Waƙar da mai kira ke ji, labarin ƙwallo, wasanni, saƙon addu'a na kullum. Abin da ke cin sefa 100 a rana, dala 20 ke nan, ya cinye jika 3 a wata. Ko layinka Airtel ne, ko Moov Africa, ko Zamani, ko Niger Telecoms, hanyar ɗaya ce. Nemi saƙon da ya shigo ranar da abin ya kunnu, yawanci yadda ake tsayar da shi yana ciki. Bi shi, ka ajiye saƙon da ya tabbatar an tsayar. Sannan kira sashen kula da abokan hulɗa ka ce a karanto maka duk hidimomin da ke kan lambarka, ba wanda ka sani kaɗai ba, a rufe su, a turo maka saƙo. In bayan haka aka sake cirewa, je ajans ɗinsu da katin shaidar da aka yi wa layin rajista da shi, nuna saƙonnin biyu, ka nemi lambar ƙorafi. Abin da za a mayar kredi ne, ba tsabar kuɗi ba. In ba a saurare ka ba, hukumar ARCEP ce ke sa ido kan kamfanonin sadarwa, kuma ƙungiyar kare haƙƙin masu saye ta ADDC-Wadata tana bin irin waɗannan koke-koke. Duba wayoyin tsofaffin gida ma. Su ne ke danna duk abin da ya fito a fuskar waya don ya ba su wuri, sannan su ce kredin zamani ba shi da albarka.

Da zarar ka fara neman kuɗinka, musamman in ka yi kuka a Facebook ko a zauren WhatsApp, shirya wa kiran ƴan damfara. Za a ce daga banki ne ko daga kamfani, an amince a mayar maka, karanto lambar da ta shigo wayarka yanzu. Mayar da kuɗi ba ya buƙatar lambar sirri, ba ya buƙatar lambar da aka turo ta saƙo, ba ya buƙatar ka fara tura wani abu ta Nita ko Amana. Kashe wayar.

Mu dai ba mu kai ga banki ba. Kwana 4 da tura wasiƙar suka amsa, suka ce kuskure ne daga wurinsu, suka amince da na uku, suka ƙara da na biyu a matsayin alfarma. Na farko ya tafi. Da kuɗin suka shigo bayan mako guda da ƴan kwanaki, sai ta sake zuwa da fuska a ɗaure, wai ba su cika ba. Na zauna na yi mata lissafi: da dalar Amurka aka cire, da ita aka mayar, kuma farashinta yana motsi tsakanin ranakun biyu. Da yuro ne da ba a ga wannan bambanci ba, tunda sefa a ɗaure take da shi, yuro 1 a kan sefa 655.957. Ga kuma ladan da banki ya ɗauka na cinikin waje, wanda bai dawo ba. Ta ƙirga abin da ya samu, ta cire kuɗin kabu-kabu, ta je ta kwashe sauran daga katin a ranar. "Kawu, daga yau katin nan ba ya kwana da ko dala."